Shuka a tsakar gida: yadda yaƙi da ƙwari ke shigo da guba inda yara ke wasa

A Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai, gidaje da dama sun koma shuka zogale, tumatir, yakuwa da lemun tsami a ɗan filin da ya rage musu a tsakar gida. Tsadar kayan miya ce ta tura wasu, wasu kuwa zafin bazara ne ya sa su neman inuwa. Sai dai da zarar tsutsa ta hau ganye, ko gara ta kama gindin icce, abin da mai gida ya fi saurin ɗauka shi ne kwalbar piya-piya, wadda ake sayarwa a tebur kusa da ashana da batir.

A gona ana fesa magani ne a juya a tafi gida. Tsakar gida kuwa nan ake girki, nan ake shanya hatsi, nan yaro ke rarrafe yana kai hannu baki, nan kuma ake shimfiɗa tabarma a kwana idan ɗaki ya gagara shiga. Shi ya sa kula da ɗan lambun gida ya wuce batun ado, ya shafi lafiyar iyali da ƙarkon ginin kansa.

Fili ya ragu, siminti ya ƙaru

A tsofaffin unguwanni irin su Birni da Zango a Damagaram, har yanzu ana samun gidajen ƙasa masu zaure da faɗin tsakar gida, da icce guda babba wanda kowa ke zama ƙarƙashinsa. A sababbin unguwanni lamarin ya canza. Filin da ake yankawa yawanci bai wuce murabba'in mita 200 zuwa 400 ba, kuma mai shi yana son ɗakuna da yawa, na iyali da na haya. Abin da ya saura sai a malale shi da siminti ko a shimfiɗa karo, don gudun ƙura da taɓo.

Wannan shafe yana da farashinsa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kusan kullum, siminti yana shan rana tun safe, ya riƙa sakin zafin har tsakar dare. Idan aka ɗauke wuta, iyalin da ba su da icce ba su da mafaka, ciki zafi waje zafi. Da damina kuma ruwan da ƙasa za ta shanye ba ya samun wurin shiga, sai ya kwarara titi ya haɗu da na maƙwabta. Damanar 2024 ta nuna abin da ruwa ke iya yi wa birane: ambaliya ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya a Nijar, sama da 300 suka rasu, jihar Maradi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, kuma a farkon Satumba tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe. Tsakar gida guda ba ta hana ambaliya, amma gangaren da aka ba ta, da inda indararo ke zuba, su ne ke yanke hukuncin ko ruwa zai kwanta a gindin bango ko zai wuce.

Magina da suka san aikinsu suna barin daɓe a gefen bango, a karkata shi waje, sannan a bar tsakiya da ƙasa ko tsakuwa inda shuka za ta sha ruwan sama.

Wane icce, kuma a ina

Tun 1975 ake dashen itatuwa a Nijar kowace ranar 3 ga Agusta, kuma iccen da ya fi cin moriyar wannan al'ada shi ne bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro ko dalbejiya. Asalinsa daga Indiya ne, amma ya zauna da gindinsa. Shi ne ya fi yawa a dajin da aka fara dasawa kewaye da Yamai a 1965, shi ne kuma aka jera a kwarin Majiya cikin jihar Tawa don tare iska. Yana jure fari, akuya ba ta cika damunsa ba idan ya tasa, inuwarsa kuma ba ta yankewa.

Matsalar ita ce a ɗan ƙaramin gida saiwarsa tana bin laima duk inda take. Idan aka dasa shi jikin bango, ko kusa da ramin shadda, ko kan hanyar bututun ruwa, bayan ƴan shekaru sai a ga daɓe ya ɗaga, bango ya tsage. Haka ceɗiya da durumi suke, har sun fi shi ɓarna. Iccen nan mai rassa hawa-hawa da ake kira etajar, wanda ya cika ƙofar ofisoshi da sababbin gidaje, saiwarsa a saman ƙasa take yawo, tana tayar da karo. Turare kuma mashayin ruwa ne, ganyensa da ya zuba ba ya barin ƙananan shuke-shuke su yi ƙarfi.

Babban icce wurinsa ƙofar gida ne ko tsakiyar fili, taku da yawa daga gini. Ciki kuwa akwai masu ƙaramin jiki da ke ba da abinci: lemun tsami, gwaba, gwanda, rumman da zogale. Akwai kuma magaryar da aka yi wa aure, mai manyan ƴaƴa, wadda cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta taimaka wajen yaɗawa, ba ta buƙatar ruwa da yawa. Lalle yana yin shinge mai kyau, ga amfaninsa ga mata. Mai zaman haya da ba zai iya haƙa rami ba yana iya cika buhu, tsohuwar taya ko bidon da aka yanke da ƙasa da taki, ya shuka na'ana'a, alayyafo ko tattasai, ranar tashi ya ɗauki abinsa.

Ruwa da tsada

A Damagaram batun shuka ba ya rabuwa da batun ruwa. Garin yana zaune ne kan dutse, ruwan da ake sha daga nesa ake jawo shi, daga Gogo-Machaya, Arunguza da Ganaram, kuma da bazara unguwanni da yawa sun dogara da ƴan ga-ruwa. Wanda ya sayi bidon don sha da girki ba zai juye shi a gindin gwanda ba.

Masu lambun gida da suka daɗe a harkar suna rayar da shukarsu ne da ruwan da aka riga aka yi amfani da shi. Ruwan alwala, na wankin shinkafa da na ɗauraye kayan miya duk suna da kyau. Ruwan wanki mai omo ko jabel kuwa yana ƙona saiwa, yana tara gishiri a ƙasa. Wasu suna binne tulun ƙasa marar fenti a gindin shuka har wuya, su cika shi su rufe bakinsa, ruwan ya riƙa tsattsafowa a hankali daidai inda saiwa take. Robar ruwa da aka huda da allura aka kifa tana yin kusan irin wannan aiki. Ban ruwa da yamma ko da asuba ya fi na rana auki.

Sai dai ruwan da ke rayar da shuka shi ne kuma ke rayar da sauro. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne a lokacin zafi. Tano da aka bari buɗe, gwangwani, tsohuwar taya, kaskon kaji da ƴar kwatar da ruwa ya kwanta a bayan wanka, kowanne ya isa ya zama gidan haihuwa. Rufe mazubi da zubar da kwantaccen ruwa sau ɗaya a mako yana yanke wannan zagaye ba tare da an sayi komai ba.

Gara ba ta shiga sai ta ga ƙofa

Ba ƙwaron da masu gida ke tsoro kamar gara, domin ita ɓarnarta ba ta tsaya kan shuka ba. Tana cin azara, zana, ƙyauren katako, armuwar, littattafai da takardun fili. Tana tafiya ne cikin ƴar hanyar laka da take ginawa jikin bango ko ɓawon icce, saboda ba ta jure rana da busasshiyar iska.

Abincinta busasshen abu ne: kara, itace, takarda, kashin shanu. Icce mai lafiya wanda ke samun ruwa a kai a kai ba kasafai take kayar da shi ba. Wanda ƙishi ya galabaitar, ko aka sare shi aka bar rauni, ko aka dasa shi saiwa a karye, shi take samu da sauƙi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba ɗanyen taki daga turke kai tsaye cikin ramin dashe. Manoman Badagishiri da Illela suna yin haka da gangan a ramukan tasa, don gara ta zo ta huda ƙasa mai tauri ruwa ya shiga, kuma yana yi musu amfani. A gindin ƙaramin mangwaro, taku biyu daga ƙofar ɗaki, wannan takin gayyata ce.

Maganin farko shi ne a bar taki ya ruɓe sarai kafin a kai shi gindin shuka. Sai a ɗage itacen girki da tarin kwali daga ƙasa, a nisanta su da bango. Idan an shimfiɗa ciyawa don riƙe laima, kada ta taɓa jikin iccen. Hanyar laka da ta bayyana a kankare ta nan take, a bi ta a ga inda ta fito. Toka da dusar ƴaƴan bedi da aka cuɗa da ƙasar gindi suna rage zuwanta. Idan kuwa ta riga ta shiga rufin ɗaki, wannan aikin masu sana'ar ne, da maganin da aka yarda da shi, bayan an fitar da mutane da abinci.

Tarin bulo da tsofaffin kwanon rufi da ake jibgewa a lungu su ma suna da nasu baƙin. Nan kunama ke fakewa, nan kusu ke haihuwa, kuma inda kusu ya yi yawa maciji na biye da shi.

Kowane ƙwaro da halinsa

Zogale shi ne sarkin lambun gida a kudancin Nijar, daga garaken Jiratawa da gaɓar Gulbin Maradi har bakin kogin Isa a Yamai. Babban maƙiyinsa wata ƙaramar tsutsa ce da masana ke kira Noorda blitealis. Uwarta ɗan malam-buɗe-littafin dare ce mai saka ƙwai a sabon toho. Tsutsar tana haɗe ganye da zare kamar yanar gizo, ta ci koren ta bar shi fari kamar takarda, kuma cikin ƴan kwanaki tana iya tsiraita icce. A gida, inda itatuwan ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, tsince ta da hannu da datse rassan da ta kama yana wadatarwa. Zogale yana son aski, in an datse shi sai ya ƙara toho.

Tumatir kuwa maƙiyansa sun fi yawa. Akwai tsutsar Tuta absoluta, ƴar asalin Kudancin Amurka, wadda ta ɓulla a Sifen a 2006, ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016. Ita cikin naman ganye take shiga ta yi rami, shi ya sa feshin da ya tsaya a waje ba ya isa gare ta, kuma ta yi suna wajen sabawa da magani. Akwai farin ƙuda, wanda ke ɗauko cutar da ke nannaɗe ganye ta mai da shi rawaya. Shukar da ta kamu ba ta warkewa, sai a tuge ta. Akwai jan gizo, ɗan mitsitsi da ke zama ƙarƙashin ganyen tumatir da yalo lokacin zafi da ƙura. Shi ba dangin ƙwari ba ne, dangin gizo-gizo ne, kuma yawancin magungunan ƙwari ba sa kashe shi. Abin da suke kashewa shi ne ƙananan halittun da ke cinsa, sai mai lambu ya ga bayan feshi abin ya ƙaru.

Idan shuka tana yaushi alhali ƙasa da laima, a tuge guda a duba saiwa. In an ga ƙulle-ƙulle kamar carbi, tsutsar cikin ƙasa ce wadda ido ba ya gani, kuma feshin ganye ba ruwansa da ita. Sai a ƙone saiwar, a huta da tumatir da kuɓewa a wurin, a sa albasa ko tafarnuwa. Mangwaron da ke ruɓewa da tsutsa a ciki aikin wani ƙuda ne ɗan Asiya da aka fara gani a Kenya a 2003. Ƴaƴan da suka faɗo su ne makarantarsa, don haka a tsince su kullum, a ɗaure cikin baƙar leda a ajiye a rana, ko a binne su da zurfi. Ƙadangaru da kaji da ke tsinke sabon tsiro kuwa tsohon sange da aka daina kwana ciki ya ishe su.

Abin da ke cikin kwalbar

Piya-piya suna ne na kasuwa. Sinadarin da ke ciki shi ne diklorbos, wanda ake rubutawa DDVP a jikin kwalba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin magunguna masu haɗari ƙwarai. Yana shiga jiki ta numfashi, ta fata da ta baki. Saboda ragowarsa da aka samu a wake ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. A 2019 hukumar NAFDAC ta Najeriya ta hana ƙananan kwalabensa da tallarsa a kasuwanni. Duk da haka yana ƙetaro iyaka, kuma sau da yawa ana ɗura shi cikin robar da ba ta da suna balle bayani.

A ƙa'ida, maganin ƙwari ba ya halatta a Nijar sai kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance magunguna, CSP, da ke ƙarƙashin ƙungiyar CILSS ya amince da shi, kuma lambar amincewar tana jikin kwalin. RECA, wadda ta haɗa majalisun manoma na jihohin ƙasar, ta sha zagaya kasuwanni tana ƙirga magungunan da ake sayarwa, kuma abin da take tararwa shi ne mafi yawansu ba su da wannan izini.

Ko maganin da aka amince da shi yana da kwanakin jira tsakanin feshi da tsinka, a rubuce a jikinsa. Nan ne lambun gida ya fi gona haɗari, domin uwargida tana tsinkar zogale ko yakuwa ne lokacin da tukunya ke kan wuta, ba ta san ɗanta ya yi feshi jiya da yamma ba. Wanki da ruwa ba ya fitar da ragowar gaba ɗaya. Launin da ke ƙasan takardar kwalba yana da ma'ana: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Ƙwayar nan mai fitar da iska da ake jefawa cikin buhunan wake, wadda wasu ke sawa a ɗaki don kusu ko kuɗin cizo, iskarta tana kisa a rufaffen wuri, bai kamata ta kwana inda mutane ke kwana ba.

Alamomin gubar piya-piya sun haɗa da dalalar yawu, zufa, amai, ciwon ciki, ƙanƙancewar baƙin ido da sarƙewar numfashi. Ba a ba wanda ya sha madara ko manja, ba a kuma tilasta masa amai. A cire masa tufafin da maganin ya taɓa, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a garzaya likita tare da kwalbar, domin akwai allurar da ke karya wannan guba idan an isa da wuri.

Maganin da ke zuba a ƙofar gida

Iccen da ke barazana ga bango shi ne kuma ke ba da maganin da ya fi dacewa da tsakar gida. Ƴaƴan bedi da ake sharewa ana zubarwa suna ɗauke da sinadarin da ke hana ƙwaro cin ganye, ya kuma hana tsutsa girma. Yadda jami'an gidan gona ke koyar da shi ba wuya. A tsinci nunannun ƴaƴa, a wanke, a shanya a inuwa, a daka. A jiƙa garin rabin kilo cikin ruwa lita 10 ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulu a ciki don ya kama ganye. Ana fesawa da yamma, saboda rana tana kashe ƙarfinsa, a tabbatar ya taɓa ƙarƙashin ganye, a maimaita bayan mako guda. Wanda ba shi da famfon feshi yana iya yayyafawa da tsintsiya.

Abin da ke sa matasa raina shi shi ne ba a ganin ƙwaro ya faɗi nan take. Aikinsa a hankali yake, kuma ya fi tasiri idan an fara tun tsutsa tana ƙarama. Wannan yana nufin duba ganye sau biyu ko uku a mako, a juya shi a ga abin da ke ƙasa. Ruwan sabulu kaɗai yana rage darɓa, tonka da tafarnuwa da aka jiƙa suna korar wasu. Wanda bai gane abin da ke cin shukarsa ba yana iya ɗaukar hoto ya nuna a gidan gona, ko ya tura wa masu ba manoma shawara na RECA, waɗanda ke amsa tambayoyi da Hausa ta waya da WhatsApp.

Gidan da mai shi ke nesa

A Tawa da ƙauyukanta, da unguwannin bayan garin Maradi da Damagaram, akwai gidaje masu yawa da aka gina da kuɗin bida, daga Abijan, Libiya, Aljeriya ko Turai. Wasu a rufe suke shekara da shekaru, wasu an bar wa ƙane ko mai gadi. Rufaffen gida mai duhu da katako shi ne abin da gara ta fi so, kuma mai shi ba ya sani sai ranar da ya dawo ya taɓa ƙyaure hannunsa ya nutse.

Kuɗin da ake aikowa don "a sayi magani a fesa" sun fi amfani idan aka mai da su ladan wanda zai riƙa buɗe ɗakuna iska ta shiga, ya share tsakar gida, ya ba itatuwa ruwa, ya kankare hanyar gara. Matasa da dama a Yamai da Maradi sun riga sun mai da wannan sana'a, daga masu rainon dashe a bakin titi zuwa masu zagaya gidaje suna aski da ban ruwa. Hoton da ya kamata ɗan ci-rani ya nema a waya kafin damina ta faɗi shi ne na gindin bango, bakin indararo, ƙasan ƙyaure da bayan armuwar.